Ku ƙara wa kibiya girma kafin ku ce yaro daƙiƙi ne

A ɗakunan kwamfuta na makarantunmu akwai wata doka da babu wanda ya rubuta, amma kowa ya haddace ta: kada a taɓa saiti. Yadda aka fiddo na'ura daga kwali, haka za ta tsufa. Wannan doka yara take cuta, kuma mu malamai ne ya kamata mu karya ta.

Ku dubi kibiyar nan da ke yawo a kan allo idan an motsa linzami. Ƙarama ce, fara, kuma shafin da ake rubutu a kai shi ma fari ne. Yara sun yi cincirindo a kan na'ura guda, rana na dukan gilashi, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Malam ya ce a danna nan, yaro na ta karkaɗa linzami yana neman kibiyar da ta ɓace masa. Sai a ce ba ya ganewa. Mai raunin ido, balle zabiya, shi ke fara shan wannan suna, alhali ganin abin ne bai yi ba.

Maganin bai kai minti biyu ba, kuma ko dala ba a biya. Tun 2019 Windows 10 ta ba da damar ƙara girman kibiya daga mataki 1 har 15, a kuma sauya mata launi. A danna maɓallin Windows tare da harafin U, a nemi sashen kibiya, a mai da ita babba, baƙa ko rawaya. Akwai wurin sassauta saurin danna-biyu, don ƙaramin yatsa ba ya bugawa sau biyu da hanzarin na babba. Akwai wurin juya maɓallan linzami saboda bahago. Akwai ma saitin da ke zana da'ira kewaye da kibiya duk sa'ad da aka taɓa maɓallin Ctrl.

Ban ce laifin malamai ne su kaɗai ba. Masu ƙera manhajar sun watsa kayan gyaran nan a gidaje biyu. Ga tsohon gida, "Panneau de configuration", da ke nan tun 1985, ga sabo, "Paramètres", da ya zo da Windows 8 a 2012. A Windows 10, girman kibiya na sabon gida, da'irar Ctrl na tsoho. Sunayen kuma sun fi hanyar wuya. A Windows 10 an ɓoye girman kibiya a ƙarƙashin "Options d'ergonomie", kalmar da ko mai jin Faransanci sai ya tsaya tunani. Sai a Windows 11 aka mai da ita "Accessibilité". Wani saitin ana kiransa "Améliorer la précision du pointeur", kamar zai gyara seti, alhali aikinsa shi ne ya sa nisan da kibiya ke tafiya ya danganta da saurin hannu. Mai koyo ya yi motsi iri ɗaya sau biyu, kibiya ta sauka wurare biyu. Da sun tara komai wuri guda, sun sa wa kowane saiti sunan matsalar da yake warwarewa, da an huta.

Amma ruɗanin nasu bai zama uzurin zamanmu ba. Na san abin da masu riƙe makullin ɗaki ke cewa: yara za su lalata na'ura. Girman kibiya ba ya goge takarda, ba ya kawo ƙwayar cuta, kuma ana mai da shi yadda yake cikin ƙiftawar ido. Kowane asusun mai amfani ma saitinsa daban, don haka ana iya buɗe wa ɗalibai nasu a bar na malam. Wasu kuma su ce gara yaro ya saba da abin da zai tarar a wurin aiki. To, yaron da ba ya hangen allon aji, layin gaba muke kawo shi, ko baya muke barin shi don ya saba? Wanda ya koyi daidaita na'ura da idonsa tun a lakwal, duk ofishin da ya shiga zai daidaita ta. Wanda aka koya wa tsoron saiti zai girma yana jiran wani ya zo ya danna masa.

Saboda haka, malamai ƴan'uwana, darasin farko a ɗakin kwamfuta ya zama na daidaita kibiya. Kowane yaro ya gwada girma, launi da sauri har ya ce yana gani. Shugabannin makarantu su rubuta matakan da Hausa a manna a bango. Ku kuma iyaye, idan aka ce ɗanku ba ya kama karatun kwamfuta, kafin ku yi masa faɗa ku je ku zauna kusa da shi a gaban na'urar, ku ce ya nuna muku kibiyar da yatsa. Idan ya daɗe yana nema, ku roƙi malam ya buɗe saiti.