Kiwon lafiya: daga hanji zuwa kai

Ga mai kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda lokotoro Crohn ya bayyana a Amurka a 1932, haɗarin daskarewar jini yakan ninka kusan sau uku. Kumburin kansa na kaurara jini, zawo kuma na tsotse ruwan jiki, balle da bazara. Gudan jini kan toshe jijiyar da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa. Alamar farko: ciwon kai mai ƙin sauka, wani sa'in da farfaɗiya ko gani dishi-dishi. Nan ake kuskure, a ce masassara ce, a sayi ƙwaya a kasuwa. Hoton sikana ko IRM ke nuna cutar, allurar heparin ke maganinta, a likita.