Ciwon suga: A kai gwaji inda jama'ar Lafia suke

Ciwon suga cuta ce mai shigowa a ɓoye. Mutum kan yi shekaru yana ɗauke da ita bai sani ba, sai ranar da gani ya fara dushewa, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko ƙoda ta gaza. Kafin irin wannan majinyaci ya isa babban asibiti a Lafia, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa, kuɗin jinya kuma ya fi ƙarfin iyalinsa.

Alƙaluman Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya na shekarar 2021 sun nuna cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. A Najeriya an ƙiyasta mutum miliyan 3.6. Wannan rashin sani shi ne babbar matsalar da ya kamata Jihar Nasarawa ta fuskanta.

Akwai matakin da ke gabatar cutar, lokacin da suga ya haura ƙa'ida amma bai kai ciwo ba. Idan aka auna jini da safe kafin karin kumallo aka samu tsakanin 100 da 125, mutum yana bakin gaɓa. Daga 126 zuwa sama, in gwaji na biyu ya tabbatar, ciwon ya kama. A wannan mataki na farko ne ake iya juya akalar cutar. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa rage ƙiba kaɗan da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun da Lafia ta zama babban birnin jiha a 1996 rayuwar mazaunanta ta sauya. Babur da Keke Napep sun maye gurbin tafiyar ƙafa, zaman ofis da na shago ya yawaita, lemon kwalba da shayi mai zaƙi sun zama abin yau da kullum. Ba a ce kowa ya bar sakwara ko tuwon shinkafa ba. Abin da ake buƙata shi ne a rage yawansu, a ƙara wake da ganye, a rage zaƙi, a kuma koma tattaki.

Nauyin farko yana kan gwamnatin jiha. Ya dace kowace cibiyar lafiya a matakin farko, a duk ƙananan hukumomi 13, ta mallaki na'urar auna suga da kayan aikinta, kuma hukumar inshorar lafiya ta jihar ta tabbatar gwaji da magani sun isa ga talaka. Ita ma Gwamnatin Tarayya, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, ya kamata ta karkatar da kuɗin ga rigakafi.

Sai dai ba kowa ke zuwa asibiti yana jin garau ba. Don haka a kai gwajin kasuwanni da tashoshin mota, da harabar masallatan Juma'a da majami'u. Fadar Mai Martaba Sarkin Lafia, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tare da limamai da fastoci, suna da muryar da jama'a ke saurara. Gidajen rediyo su isar da saƙon cikin Hausa da Eggon da Alago da Gwandara, su kuma gargaɗi mutane game da masu tallar maganin da suke iƙirarin yana warkar da cutar baki ɗaya.

Ranar 14 ga Nuwamba ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Kada ta tsaya ga jawabai da tattakin yini ɗaya. A auna nasararta da yawan mutanen Lafia da suka san matsayin sugansu.