TSEREN NINƘAYA, KEKE DA GUDU: SANA'A CE, AMMA TA SHEKARA BIYAR

Akwai wani wasa da Turawa ke kira tirayatalon, wato tsere uku a haɗe, ba hutu tsakaninsu. Mutum zai faɗa ruwa ya yi ninƙaya, da fitowarsa ya haye keke, da saukarsa kuma ya zuba a guje. Ɗaya daga cikin mafiya tsanani shi ne wanda aka fara a jihar Hawayi ta Amurka cikin 1978, ana ce masa Ironman: ninƙaya mil 2.4, keke mil 112, sa'an nan gudu mil 26.2. Mai karatu da ya saba bin mota daga Ikko zuwa Badun ya sani cewa tafiyar keken nan kaɗai ta fi wannan nisa, kuma bayanta ne za a fara gudun.

To, ko ana cin abinci da wannan wahala? Ana ci, amma mutane kaɗan ne, kuma na ɗan lokaci. Saboda haka ya kamata samarinmu da ke ɗokin ajiye sana'a domin wasa su dubi yadda wata Baturiyar Ingila, Chrissie Wellington, ta bi da al'amarinta.

An haife ta cikin 1977.  Ta yi karatu a jami'ar Birmingham da ta Manchester, ta kama aikin gwamnati a ma'aikatar kula da muhalli ta ƙasarsu. Cikin 2004 ta ɗauki hutu ta tafi ƙasar Nefal aikin raya karkara, inda ta riƙa hawan keke cikin duwatsu. Ko da ta dawo gida, ofis ta koma. Tana aikinta tana horo safe da yamma, har cikin 2006 ta lashe gasar duniya ta waɗanda ba sana'arsu ba ce, a birnin Lozan na Suwizalan.

Nan ne hikimar take. Duk da wannan nasara ba ta ajiye aiki nan take ba. Sai da ta je wurin wani gogaggen mai horarwa, Brett Sutton, ya gwada ta ya ce ta isa, kana ta bar albashinta cikin Fabrairun 1977 da shekara talatin a kai, wato 2007. Watan Oktoba na shekarar ta je Hawayi, ba wanda ya san da ita, ta zo ta ɗaya. Ita ce mutumin Ingila na farko, mace ko namiji, da ya ci wannan gasa.

Ta sake ci a 2008, duk da tayar kekenta ta yi faci a hanya, sai wata abokiyar takararta, Rebekah Keat, ta miƙa mata abin hura iska. A 2009 ta gama cikin awa 8 da minti 54, ta karya bajintar da Paula Newby-Fraser ta kafa tun 1992. A 2010 rashin lafiya ya hana ta shiga. A 2011 ta ci na huɗu da miki a jiki, domin mako biyu kafin ranar ta faɗi a kan keke. Sau 13 ta shiga tseren Ironman, ba a taɓa kayar da ita ba. Cikin Disamban 2012 ta ce ta daina.

Jama'a, a lissafa. Wadda ba a taɓa kayarwa ba ke nan, amma shekara biyar kacal ta yi tana tsere domin kuɗi. Ina ga wanda ke zuwa na ashirin? A zamaninta goma na farko kaɗai ake bai wa kuɗi a Hawayi. Na goma sha ɗaya ya sha wahalar da suka sha, ya biya kuɗin jirgi, da masauki, da keke mai ɗan karen tsada, ya koma gida hannu rabbana. Abin da ke riƙe yawancinsu shi ne kamfanonin da ke liƙa sunansu a riga, su kuwa ranar da ƙafa ta karye sai su nemi wani.

Wani zai ce ai wanda ya raba hankalinsa biyu ba ya zama zakara, gara ya tsunduma tun yana yaro. Akwai ƙamshin gaskiya, domin 'yan'uwan nan biyu na Ingila, Alistair da Jonathan Brownlee, tun suna yara suka fara, ga su sun zo na ɗaya da na biyu a wasannin Olamfik na 2016 a Riyo. Amma su ma ba su yar da littafi ba, dukansu sun yi jami'a a Leeds. Wadda ta ci zinariyar mata a wannan shekara kuwa, Gwen Jorgensen ta Amurka, akanta ce mai lissafin haraji a birnin Milwaukee lokacin da hukumar wasan ta ƙasarsu ta nemo ta. Ita ma ta ɗan jima tana haɗa ofis da horo. A Olamfik na 2012 a Landan faci ya mai da ita ta 38, sai da ta jira shekara huɗu cur kafin ta rama.

Ita Wellington, da ta rataye takalmi tana da shekara 35, ba ta zauna jiran tallafi ba. Ta koma aikin kula da lafiyar jama'a a ƙungiyar parkrun, mai shirya wa mutanen unguwa gudun kilomita 5 kyauta kowace Asabar.