Cigiyar Tsohon Gem: A Faɗi Magana Tun Farko

Jama'a, 'yan kasuwa da dillalan Gangara, mai neman Sega Mega Drive ta 1988 ko PlayStation 2 ta 2000, sai dai ya ba da cigiya wajen 'yan gwanjo, don an daina ƙera su tuntuni. To, mu dai a ganinmu, cigiyar da ba ta faɗi abu uku ba, rigima ce kawai.

Na ɗaya, wace iri ake so, ta kamfani ko jabu? Kaset ma haka.

Na biyu, kuɗi. Naira ko sefa? Kayan da za a ɗauko daga Maraɗi, a bi Ɗan Isa zuwa Magama, canji na iya motsawa kafin su iso. La'ada kuma, wa zai biya?

Na uku, gwaji kafin biya. Wadda aka yi don Amurka wutar 120 take ci, tamu kuwa 230 ce. In aka jona ta kai tsaye ta ƙone, dillali za a kama, la'ada ta tafi, mutunci ya zube.

Kada a yi cinikin biri a sama. Allah Ya ba da kasuwa, amin.