Ƙofar mota ma na'ura ce: a daina ɓalle marfinta da sukundireba

Makon jiya na raka yayana gyaran ƙofar Corolla ɗinsa a wani gareji da ke bayan tashar jirgin ƙasa, tsakanin Fagge da Sabon Gari. Gilashin ɓangaren direba ne ya ƙi tashi. Kafin mu gama gaisawa da maigidan, yaron shago ya cusa sukundireba a gefen marfin cikin ƙofar, ya banƙare shi. Na ji ƙarar karyewar robobin da ke riƙe marfin ɗaya bayan ɗaya. Ledar da ke manne a bayansa kuwa yage ta ya yi, ya wurgar. Da na yi magana sai ya ce, “Oga, ai wannan ba ta da amfani.” Gilashi ya tashi, an biya kuɗi, amma tun ranar ƙofar take ƙara kamar gwangwani idan an shiga gargada.

Ra'ayina shi ne: gyara marfin ƙofa ko musanya shi da na hannu ya fi sayen sabo hankali, kuma Kano ta iya wannan tun tuni. Matsalarmu ita ce muna yi wa motar yau irin aikin da ake yi wa Peugeot 504 ta Kaduna, alhali ƙofar ta canza.

A tsohuwar mota, bayan marfin babu komai sai ƙarfen naɗe gilashi da sandar makulli. A motar yau akwai injin ɗaga gilashi, na'urar kulle ƙofa, sifika, wayoyin madubin gefe da allon maɓallai. A motoci da dama maɓallan nan saƙo suke aikawa zuwa wata ƙaramar kwamfuta ta layin sadarwa irin su CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, ko ƙaninsa LIN. Ni da nake rubuta manhaja, idan na kalli ƙofar nan, abin da nake gani bai da maraba da waya da aka buɗe bayanta a Farm Centre. Babu mai yarda a buɗe masa iPhone da ƙusa. To me ya sa muke yarda a yi wa motar miliyoyin naira haka?

Mu koma kan ledar da yaron ya yar. Ruwan sama yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, haka aka ƙera ta, sannan ya fita ta ƙananan huji da ke ƙasa. Aikin ledar shi ne ta tare ruwan kada ya taɓa marfin da wayoyin. Cire ta a rani ba ya nuna komai sai ƙurar hunturu da ke shigowa. Sai Agusta ta zo, maɓallai su fara gardama, sifika ta shaƙe, mota ta ɗauki warin danshi. Abin da ya fi wannan haɗari: wasu motocin suna da na'urar auna matsin iska a cikin ƙofa, wadda ke sanar da kwamfutar jakar iska ta gefe cewa an daki motar. Na'urar ta dogara ne da ƙofar ta kasance a rufe yadda kamfani ya tsara. Idan aka bar ta a yage, ana wasa ne da abin da zai ceci rai.

Akwai kuma batun gilashi mai tashi da kansa. Irin wannan yana da tsarin da ke sa shi ja da baya idan ya matse wani abu. A motoci da yawa, bayan an cire batir ko an zare soket, sai an sake koya masa iyakarsa ta sama da ƙasa. Aikin minti ɗaya ne, amma idan ba a yi ba, tsarin na iya daina aiki daidai. Duk mai ɗaukar yara zuwa makaranta ya san inda suke sa hannu.

Wajen musanya ma akwai tarko. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka sitiyarin motocinmu yana hagu. Marfin da aka ciro daga motar Japan ko Ingila babban allon maɓallansa yana dama, ba zai zauna a ƙofar direbanmu ba. Ko a mota iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka yi wa kasuwar Amurka na iya bambanta da ta Turai a soket ko girman sifika. A Ƙofar Ruwa ana gwada kaya da ido, a ce “zai shiga”. Sau da yawa yana shiga, amma bayan an yanke waya an naɗe da salatif.

Wani zai ce ina neman ɗora wa talakan makaniki tsarin Turawa, kuma mai mota ne ke matsa masa ya yi sauri a kan kuɗi kaɗan. Gaskiya ne, laifin namu ne mu duka. Amma abin da ake buƙata ba shi da tsada: robar ɓalle marfi maimakon ƙarfe, ƙullin sababbin robobin riƙewa, gam ɗin mayar da leda, da ɗaukar hoto da waya kafin a zare kowane soket. Marfin da ya tsage ma ba na bola ba ne. A bayansa akwai tambarin irin robar, kamar PP ko ABS, kuma idan aka narka roba irinta aka like, yana riƙewa fiye da sufa gulu da zafin Afrilu ke ɓamɓarewa. Yadin da ya saki kuma masu ɗinkin kujerar mota sun fi kowa iya shi.

Duniya ma nan ta nufa. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 kan tsofaffin motoci ta sa burin a sake amfana da kashi 95 cikin 100 na nauyin mota daga 2015. A jihar Massachusetts ta Amurka, masu zaɓe sun amince da dokar 'yancin gyaran mota a 2012, suka faɗaɗa ta a 2020. Su sai da doka aka tilasta musu abin da 'yan gwangwan da makanikanmu ke yi kullum. Abin da suka fi mu shi ne rubutu: kowane kaya da lambarsa, kowane aiki da matakansa.

A nan ne mu masu manhaja muke da aiki. Maimakon kowa ya kwaikwayi manhajar tura kuɗi, me zai hana mu haɗa rumbun da ɗan kasuwa zai ɗauki hoton marfi da lambar da ke bayansa, mai mota kuma ya sa lambar jikin motarsa mai haruffa da alƙaluma 17 ya ga abin da ya dace? A haɗa da gajerun bidiyoyi da Hausa masu nuna inda kowane noti yake ɓoye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, unguwannin da ke kewaye da tashar suka zama matattarar masu sana'ar hannu. Gwanintar tana nan, tana cikin kawunan mutane ne kawai, kuma tana tafiya da su idan sun bar sana'a.

Kafin wannan ya samu, mai karatu, idan za a buɗe ƙofar motarka, ka tsaya a wajen. Ka ce a mayar da ledar, a sauya robobin da suka karye, kuma a gwada gilashi da makulli da madubi a gabanka kafin ka ciro kuɗi. Yayana ya koma an sake buɗe tasa, ya biya sau biyu.