Kwana 93 Ana Jiran Rantsuwa: Wa Ke Cin Ribar Wannan Jira?

A zaɓen 2023 an kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, amma ba a rantsar da Bola Tinubu ba sai 29 ga Mayu. Kwana 93 ke nan. Gwamnoni kuwa, da aka zaɓa ranar 18 ga Maris, sun jira kwana 72. A ganina wannan jira ya yi tsawo, kuma mu da ke neman abinci a Kudu muna cikin masu ɗanɗana kuɗarsa.

Kundin tsarin mulki ne ya buɗe ƙofar, domin ya ce a yi zaɓe tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin wa'adin mai mulki ya ƙare. Sai a wayi gari ƙasa na da shugabanni biyu. Mai barin gado yana riƙe da biro da baitulmali, amma ba ya tsoron mai ƙuri'a kuma. Mai jiran gado jama'a sun zaɓe shi, amma ko masinja ba zai iya ɗauka ba. A irin wannan tsakani ne, a watan Mayun 2023, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ranta daga Babban Banki bashi na dogon zango. Saura kwana uku a miƙa mulki kuma aka nuna mana jirgin Nigeria Air a Abuja. To, ina jirgin yake yau?

Mu dawo kanmu. Ɗan gwari a Mile 12, ɗan canji a Sabon Ibadan, mai shanu a Lokpanta, kowa ya san yadda kasuwa ke yin sanyi lokacin zaɓe. Wasu sukan tura iyali Arewa tun kafin ranar ƙuri'a, masu kaya su rage lodi, masu bashi su ce a bari a ga kamun ludayin sabuwar gwamnati. In rikici ya taso a kasuwa, Sarkin Hausawa wa zai tunkara? Kwamishinan da ke tattara kayansa, ko wanda ba a naɗa ba tukuna?

Wasu ƙasashen ba sa wannan jiran gawon shanu. A Ghana ana zaɓe 7 ga Disamba, a rantsar 7 ga Janairu. Amurka ma tun 1933 ta gyara kundinta, ta dawo da rantsuwa daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Janairu.

Sai dai akwai masu cewa a ƙara tsawon lokacin ne ma, don a gama shari'a kafin rantsuwa. A 2025 an kai shawara a Majalisar Tarayya cewa a riƙa yin zaɓe tun watan Nuwamba. Damuwarsu gaskiya ce, domin Kotun Ƙoli ba ta rufe shari'ar Tinubu ba sai 26 ga Oktoban 2023, yana wata na biyar a kan kujera. Amma fa maganin nasu zai bar wa mai barin gado wata shida da makullin baitulmali a hannu.

Abin da ya kamata a rage shi ne kwanakin kotu: kwana 180 a kotun ƙararrakin zaɓe, 60 na ɗaukaka ƙara. A Kenya kwana 14 kacal Kotun Ƙoli ke da su. A 2022 sun yi zaɓe 9 ga Agusta, kotu ta yi hukunci 5 ga Satumba, aka rantsar da William Ruto 13 ga wata.

Don haka in 'yan majalisa sun zo unguwanninmu neman ƙuri'a, mu tambaye su abu biyu: za su goyi bayan a gama shari'a da rantsuwa cikin kwana 60? Za su yi dokar da za ta hana mai barin gado cin sabon bashi da rabon filaye da manyan kwangiloli bayan an bayyana sakamako? Wanda ya kasa ba da amsa a fili, mu riƙe ƙuri'armu.