Buɗe tirbo ba jarumtaka ba ce



A shirinmu na makon jiya wani matashi ya bugo waya, ya ce wai ni matsoraci ne, don na ce a bar tirbon mota yadda kamfani ya ɗaure shi. Ya ce motarsa ce, kuɗinsa ne, ya kai ta gareji a Damagaram an buɗe mata numfashi, yanzu ba mai shan gabansa tsakanin Takeita da Matameye. Lokaci ya ƙure ban ba shi amsa ba. To abokina, ga amsarka, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe.

Mu fara da abin da ake taɓawa ɗin. Tirbo wata farfela ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta tura iska da ƙarfi cikin injin. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Farfelar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Saboda haka aka sa mata wata ƴar ƙofa da makanikai ke kira wesget. In matsin iska ya kai iyakar da aka tsara, sai ƙofar ta buɗe, wani hayaƙin ya bi ta gefe, farfela ta lafa. Abin da ake yi a gareji shi ne a ɗaure ƙofar nan, ko a ruɗi kwamfutar motar, don kada ta buɗe da wuri. Wannan shi ne “buɗe numfashi” da kake alfahari da shi. Birkin injin aka cire maka, ka biya kuɗi, har ka yi godiya.

Ka ce tsoro ne. To bari in kai ka wurin waɗanda gudu ne sana'arsu. A gasar Formula 1, a 1987 hukumar gasar ta taƙaita matsin tirbo zuwa bar 4. A 1988 ta sauke shi zuwa bar 2.5. A 1989 ta hana tirbon gaba ɗaya, bai dawo ba sai 2014. Waɗannan mutane ne masu hular kwano da rigar da ba ta cin wuta, a hanyar da aka killace, ba jaki ba akuya, ga likitoci a tsaye. A Jamus, manyan motocin BMW da Mercedes da Audi da yawa an ɗaure gudunsu a kilomita 250 a awa tun daga masana'anta. Su duk matsorata ne, kai kaɗai ne namiji?

Yanzu mu dawo gida. Iskar da aka matse zafi take yi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 tun kafin ka tada mota. A lokacin hunturu ƙura ta cika matatar iska. Man kuma, mu faɗi gaskiya, sau nawa kake sha a gidan mai, sau nawa na kwalba a bakin hanya, wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba? Matatar SORAZ tana nan kusa da Damagaram tun 2011, amma kwalba ba ta bar mu ba. Iska mai zafi, matsi mai yawa, mai maras inganci: a injin isansi waɗannan ukun su ke sa mai ya kama wuta ba a kan lokacinsa ba. Za ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Fistan ne yake shan duka. Daga nan sai kulas ta ƙone, ko fistan ya huje. A injin gazuwal kuwa, baƙin hayaƙin da samari ke tafa wa hannu mai ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke tashi sama.

In a nan abin ya tsaya, wallahi da na yi shiru. Injinka ne, in ka fasa shi aljihunka ne zai yi kuka. Amma hanyar ba taka ba ce. Makaniken ya ƙara maka ƙarfi, bai ƙara maka birki ba, bai canza maka tayoyin gwanjo da rana ta gasa ba. Ga lissafin da muka koya a lakol: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka sau huɗu. A gudun 120, motarka tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki, ka wuce tsawon gida biyu ko uku. Wa ke kan wannan hanya? Amalanken rake da ke fitowa daga fadama ba fitila, ƴan kabu-kabu, garken Fulani, ƴan mata masu tallar goro, yara ƴan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a, alhali mu ne masu ƙarancin motoci.

Ni da idona na ga wasan mota a wani ɗaurin aure. Mota ta juya, ƙura ta tashi, ta kuɓuce wa direban ta yi kan jama'a. Katanga ce ta tare ta. Wata uwa ta fizge ɗanta ta zauna a ƙasa, ta kasa ko salati. Aka ce Allah ya tsare. Gaskiya ne Allah ya tsare, amma an ce mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Za ka ce ƙarfi daban, gudu daban, mai hankali zai iya riƙe mota mai ƙarfi. Na yarda. To amma ka gaya mini, don me ka biya kuɗin? Ai da bakinka ka ce don kada a sha gabanka.

Makanikai, ku ne malamanmu a nan. In yaro ya zo ya ce a ɗaure wesget, ku dubi birkinsa da tayoyinsa, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wani garejin. Iyaye, kafin ku ba da makulli ku tambayi abin da aka yi wa injin. Masu biki, ku hana wasan mota a ƙofar gidanku, hakimai da limamai su mara muku baya. Jandarmomi, bayan takardu a riƙa duba motar da kanta.

Kai kuma abokina, ka koma garejin a mayar da iyakar yadda take. In har sha'awar gudu ta kama ka, ku haɗu ku nemi izinin hukuma, a killace muku fili nesa da gari. Ni da kaina zan zo da makirfo in watsa. Layinmu yana buɗe a shiri na gaba, ka sake bugowa, zan ba ka minti biyar cif.

Allah ya kai kowa gida lafiya.